Yadda za ka samu shiga babbar kwamfutar bincike daga Jos, tun daga neman izini har tura aiki

'Yan masta da PhD da yawa a harabobin Jami'ar Jos na Naraguta da Bauchi Road, musamman 'yan fiziks da kemistiri da masu nazarin yanayi, sun ɗauka maganin lissafin da ya ƙi ƙarewa shi ne a tara kuɗi a sayi laftof mai ƙarfi. Toh ka saya, ka kunna aikin da zai ci sati uku, a kwana na biyu a ɗauke wuta batir ya mutu, ko fankar ta yi ta kuka har injin ya kashe kansa duk da sanyin Jos. Akwai kwamfutocin da jami'o'i da gwamnatoci suka gina don irin wannan aiki, kuma mafi yawansu mai bincike ba ya biyan ko sisi, amma fa ba a shiga da roƙo ko da "a taimaka min". Abu biyu suke dubawa, waye malamin da ya tsaya maka, sannan nawa ne ainihin abin da kake buƙata a lissafe. Duk sauran matakan a kan waɗannan biyun suke.

Ka fara gane menene abin. Ba wata ƙatuwar kwamfuta guda ɗaya bace, kwamfutoci ne ɗaruruwa ko dubbai da aka jera a ɗaki mai sanyi aka haɗa su da waya mai saurin gaske, shi ake cewa kulasta. Kowace ɗaya a cikinsu nod ce, kowace nod tana da kor, wato 'yan ƙwaƙwalen da ke yin lissafin, kamar 24 ko 64 ko 128, wasu kuma da GPU, katin da ke yin ƙananan lissafi da yawa lokaci guda. Jerin TOP500 da ake fitarwa sau biyu a shekara tun 1993 shi ke nuna mafi ƙarfi a duniya, Frontier ta Oak Ridge a Amurka ce ta hau kai a 2022, El Capitan ta karɓa a ƙarshen 2024, kuma tun 2017 duk ɗari biyar ɗin Linux suke amfani da shi. Wannan na ƙarshen shi ya shafe ka, don yana nufin babu linzami babu danna hoto, baƙin allo ne kana rubuta umarni.

Mataki na farko, ka tabbata ma aikin naka yana buƙatarta. Kor ɗaya ta kulasta ba lallai ta fi ta laftof ɗinka sauri ba, wani lokacin ma taka ta fi, ƙarfin yana zuwa ne in manhajar ta iya raba aiki ga kor da yawa lokaci guda. Quantum ESPRESSO, GROMACS, LAMMPS, WRF, RegCM, OpenFOAM, ORCA, duk waɗannan manhajojin lissafin kimiyya an rubuta su don haka. Amma wanda yake SPSS da takardun tambaya 400, ko ɗan sikirif ɗin Python da ke tafiya layi bayan layi, ko kor dubu aka ba shi ɗaya kawai zai taɓa sauran su zauna. Akwai ƙa'idar Amdahl a kan wannan, in kashi 10 cikin 100 na aikinka dole sai a jere ake yinsa to komai yawan kor saurin ba zai wuce ninki 10 ba. Akwai kuma masu aiki ƙanana amma da yawa, misali mai gwada sinadarai 5,000 da AutoDock Vina, shi ma kulasta ta dace da shi sosai tunda kowane gwaji zaman kansa yake.

Na biyu, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa, ka yi ƙaramin gwaji a kan laftof ɗinka ka rubuta lamba. A ce kana nazarin ma'adanin kuza, SnO2, da Quantum ESPRESSO, abin da ke ƙarƙashin ƙasar Bukuru da Barikin Ladi. Ƙaramin tubalinsa atom 6 ne, laftof za ta gama shi kana shan shayi. Amma da ka faɗaɗa shi zuwa atom 48 ko 72 don ka cusa wani sinadari a ciki, lokacin ba ninki 8 ko 12 zai ƙaru ba, a irin wannan lissafi na DFT, wato lissafin tsarin elektiron a cikin abu, yana tashi ne kusan da ninkin yawan atom sau uku, wato ka ninka atom biyu lokaci ya ninka wajen takwas. Toh ka gwada na 6, ka gwada na 12, na 24, ka rubuta minti nawa kowanne ya ci da RAM nawa ya sha, daga nan za ka iya hasashen na 72. Kuɗin da ake ciniki da shi a can sunansa awar kor, yawan kor sau yawan awa, kor 48 na awa 24 ya zama 1,152, in kana da irin wannan aiki guda 40 ka ga 46,080 kenan, sai ka ƙara wani abu a kai saboda wasu za su faɗi a hanya a sake. Wanda ya rubuta wannan lamba a takardarsa da yadda ya samo ta, mai dubawa ya san ya taɓa aikin. Wanda ya rubuta "ina buƙatar kwamfuta mai ƙarfi sosai don bincikena" kuwa ajiye takardar ake yi gefe.

Na uku ka koyi Linux kafin a ba ka akawun, ba bayan an ba ka ba, domin lokacin da ake bayarwa yana da wa'adi kuma agogo ba ya jiran ka koyi cd da ls. In Windows kake da shi saka WSL ka samu Ubuntu a ciki, ba sai ka goge komai ba. Darussan Software Carpentry da HPC Carpentry kyauta suke a intanet, na farkon kan baƙin allo ne, na biyun kan kulasta. Abin da kake buƙata ba yawa, shiga folda da fita, kwafi da goge fayil, gyara rubutu da nano, neman kalma da grep, leƙa ƙarshen fayil da tail. Ka kiyayi rm dai, babu kwandon shara a can, abin da ya tafi ya tafi.

Yanzu ina za a nema. Ka fara da gida, ka je sashen ICT na makarantarku ka tambaya, ka tambayi 'yan fiziks da kimiyyar kwamfuta da masu aikin kwayoyin halitta, don sau da yawa wani farfesa ya sayi saba, wato babbar kwamfuta, mai kor 32 ko 64 da kuɗin gurant tana zaune a ofis ɗalibansa biyu kaɗai suka san da ita, kuma irin wannan ta ishi yawancin aikin masta. Ka tambaya ko makarantar tana kan NgREN, hanyar sadarwar jami'o'in Najeriya mai ofis a Abuja, wadda ke haɗe da WACREN ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ta nan ake yawan jin sanarwar horo. In malaminka yana rubuta neman kuɗin bincike na TETFund ka tuna masa ya saka kuɗin lissafi a kasafin, malamai suna tunawa da sinadarai da kuɗin mota su manta da wannan.

A Afirka akwai manya guda biyu da ya kamata ka sani. CHPC, cibiyar manyan kwamfutoci a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, kulastarsu Lengau da aka ƙaddamar a 2016 mai ƙarfin wajen petaflop ɗaya, wato lissafi tiriliyan dubu a sakan guda, da kuma Toubkal ta jami'ar Mohammed VI Polytechnic a Benguerir ta Maroko da aka buɗe a 2021. Tsarin CHPC shi ne babban mai bincike ya buɗe shiri da sunansa sannan ya saka ɗalibai da abokan aiki a ƙarƙashinsa, saboda haka hanyar ɗan Jos ita ce haɗin gwiwa da wani malami a jami'ar can. Haka yake a Amurka, shirin ACCESS na raba wa masu bincike lokacin kulasta, da ya gaji XSEDE a 2022, sai shugaban furojet ya kasance a wata cibiyar Amurka, amma yana iya saka abokin aiki na waje bisa ƙa'idar wurin. Haka na Turai, LUMI a Kajaani ta Finlan da Leonardo a Bolonya ta Italiya, ta hannun masu bincike na ƙasashen Turai ake shiga. Ka ga ko'ina maganar ɗaya ce, ƙofar ba ta ɗalibi bace ta furojet ce, shi ya sa nake ganin wanda ya ɓata wata guda yana cike fom a shafuka daban daban shi kaɗai gara ya ɓata shi wajen zama da sufabaizansa su duba waye a cikin tsofaffin ɗaliban sashen yake Afirka ta Kudu ko Jamus ko Amurka yanzu, kusan kowane sashe yana da irinsu.

In babu kowa, akwai ICTP a Tiriyeste ta Italiya, cibiyar da Abdus Salam ya kafa a 1964 musamman don masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa. Suna shirya makarantu na sati ɗaya ko biyu kan lissafi mai nauyi da nazarin yanayi, su ne ma masu manhajar yanayi ta RegCM, kuma suna ɗaukar nauyin wasu mahalarta. Akwai makarantar ASESMA da ake yi a ƙasashen Afirka don masu lissafin ma'adanai irin na kuzar nan. Amfanin waɗannan tarukan ba satifiket ba ne, a nan ake haɗuwa da mutumin da zai ce turo min CV in saka ka a furojet ɗina.

Wasu kuma ba sa buƙatar duk wannan zagayen. Mai haɗa jinom na ƙwayar cuta, kamar masu aiki da samfurin dabbobi a ɓangaren Vom, ya buɗe akawun a Galaxy, usegalaxy.org ko usegalaxy.eu, kyauta ne, a burauza ake komai kuma kulasta ce a bayansa. Mai koyar da ƙaramin model na AI ya fara da Google Colab ko Kaggle, Kaggle na ba da GPU wajen awa 30 a sati, sai dai zama ɗaya ba ya wuce awa 12 kuma yana iya yankewa, don haka ka riƙa adana inda ka tsaya. AWS da Google Cloud suna da shirin bai wa masu bincike kiredit, amma a nan ka yi hattara wallahi, injin da ka manta a kunne yana ci gaba da cin kuɗi kana barci, in kiredit ya ƙare katin da ka saka za a cira, da dala.

Wajen cike fom ɗin kuma ka yi amfani da imel na makaranta mai edu.ng, wurare da yawa ba sa karɓar Gmail ko kuma suna jinkirta shi, in ba ka da shi je ICT yau ka nema don yana iya ɗaukar lokaci. Buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike, kyauta ne minti biyar. Za su nemi taƙaitaccen bayanin bincike, sunan manhaja, awar kor, girman wurin ajiya, sunan malami da amincewarsa. Kan manhaja ka faɗi gaskiya, VASP da Gaussian na lasisi ne, kuma a kan VASP masu kula da kulasta sai sun tabbatar ƙungiyarku tana da lasisi kafin su buɗe maka, kwafin da wani ya tura maka a filash kar ma ka ɗora shi a can, za ka jawo wa wanda ya tsaya maka matsala. Quantum ESPRESSO kyauta ne, ORCA ma kyauta ne ga masu binciken jami'a. In bayanan marasa lafiya ne a hannunka to sai da izinin kwamitin ɗa'a kafin su bar ƙasar, ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, ka cire sunaye tun a gida.

An ba ka akawun, sai shiga. A Windows MobaXterm ya fi sauƙi, ko PuTTY, ko cikin WSL ɗin kawai ka rubuta ssh sai sunanka da alamar @ da adireshin da suka ba ka. Wurare da yawa yanzu mukulli suke so maimakon fasawod, ka rubuta ssh-keygen -t ed25519, zai fitar da fayil biyu, mai .pub a ƙarshe shi kake tura musu, ɗayan ba ya barin laftof ɗinka ko waye ya tambaya. Kuma akawun naka ne kai kaɗai, na san halinmu na "abokina ne bari ya ɗan yi nasa", suna ganin daga ina ake shiga kuma rufe akawun suke.

Inda ka sauka da ka shiga ita ce nod ta shiga, kowa a nan yake sauka, wurin gyara fayil ne da tura aiki, ba wurin lissafi ba. Kunna WRF a nan ka daskarar da mutum hamsin, cikin ɗan lokaci admin zai kashe aikin ya turo maka imel mara daɗi. Lissafi layi ake bi, kamar injin niƙa ne, ka ajiye kwanonka da bayanin abin da kake so ka tafi harkarka, mai injin ne ke sanin lokacin da za a zuba naka. Mai tsara layin a yawancin wurare Slurm ne, a Lengau PBS ne. Bayanin kuma ɗan fayil ne kamar haka:

#!/bin/bash
#SBATCH --job-name=kuza1
#SBATCH --nodes=2
#SBATCH --ntasks-per-node=24
#SBATCH --time=24:00:00
#SBATCH --output=kuza1.%j.out
module load quantum-espresso
srun pw.x -in kuza.in > kuza.out

Sunan da ke gaban module load ya bambanta daga wuri zuwa wuri, rubuta module avail ka ga yadda suka sa nasu, wasu wuraren kuma sai ka ƙara layin sunan furojet da na sashen layin da za ka shiga, yana cikin takardar jagorarsu, karanta ta. Ka adana fayil ɗin da sunan kuza.sh ka tura da sbatch kuza.sh, zai ba ka lamba. squeue -u da sunanka zai nuna maka PD in yana jira, R in ya fara. scancel da lambar zai kashe shi. A PBS kuma qsub, qstat, qdel. In a Notepad na Windows ka rubuta fayil ɗin zai iya ƙin karɓa yana ƙorafin ƙarshen layi, dos2unix kuza.sh ya gyara.

Daga lokacin da sbatch ya ba ka lambar nan, rufe laftof ɗin. A ɗauke wuta a Anguwan Rogo, data ta ƙare, netwok ya gudu, babu ruwan aikin, yana can yana tafiya. Ni a ganina wannan ya fi saurin kansa muhimmanci ga mai bincike a nan.

Maganar lokaci da ka rubuta a --time tana buƙatar lura, don tana yanka ta gefe biyu. Ka sa awa 24 aikin yana buƙatar 25, a awa 24 cif za a kashe shi ba tambaya, awar kor ɗin kuma an riga an cire. Ka ji tsoro ka sa mafi tsawon da aka yarda, sai ka daɗe a layi, saboda Slurm yana cusa gajerun ayyuka a gurbin da ya samu kafin manya su fara, mai awa 2 zai wuce ka yana ɗaga maka hannu. Abin yi shi ne ka fara tura ƙaramin gwaji na minti 15 a kan nod ɗaya ka ga komai ya tashi, sannan ka gwada kor 24, 48, 96 ka ga inda saurin ya daina ƙaruwa, in daga 48 zuwa 96 ɗan kaɗan ya ragu to tsaya a 48, ninki biyu kake biya a banza. Kuma ka kunna adana matsayi, GROMACS yana rubuta fayil ɗin .cpt da kansa ka ci gaba da -cpi, a Quantum ESPRESSO ka sa max_seconds ƙasa da lokacin da ka nema don ya tsaya da kansa cikin tsari sannan ka dawo da restart_mode, WRF ma yana da nasa. Bayan aiki ya ƙare duba sacct, ko seff in suna da shi, ka ga RAM nawa ya ci da gaske, in an kashe shi da OUT_OF_MEMORY ba lalacewa ya yi ba, wuri ne bai ishe shi ba, ƙara RAM ko ka raba shi kan nod da yawa.

Sai data, wadda ita ce ainihin kuɗin da zai fita daga aljihunka. Kar ka sauke bayanan yanayi na ERA5 ko fayilolin jinom na NCBI masu giga 80 zuwa laftof ɗinka a Jos sannan ka sake ɗora su can, biya biyu kenan a kan hotsifot, sauke su kai tsaye a kulastar da wget, layinsu ya fi naka nesa ba kusa ba. Nod ɗin lissafi galibi ba su da intanet, don haka a nod ta shiga ko wadda suka ware don jigilar fayil za ka yi. Haka in sakamako ya fito, yi tacewar da zanen a can ka sauko da ƙaramin abin da kake buƙata. Abin da dole sai ya taso ko ya sauka yi shi da rsync -avP, in netwok ya yanke ka sake rubuta umarnin zai ɗora daga inda ya tsaya, ba kamar jan fayil da linzami ba da zai koma farko. Kafin ka fara duk wani dogon abu a nod ta shiga buɗe tmux, in layi ya katse ka dawo ka rubuta tmux attach ka tarar da shi yadda ka bari.

In abu ya ƙi, rubuta wa masu kula da kulastar, aikinsu kenan kuma suna amsawa, amma ka sa lambar aikin da inda fayil ɗin yake da ainihin saƙon kuskuren a kwafe, ba hoton allo da ka ɗauka da waya a karkace ba. Sannan ka duba bambancin agogo, Afirka ta Kudu tana gabanmu da awa ɗaya, gabashin Amurka kuma muna gabansu da awa biyar ko shida, saƙon da ka tura da hantsi suna barci.

Wurin ajiya iri biyu za a ba ka. Home ƙarami ne, na sikirif da fayilolin shigarwa. Scratch babba ne mai sauri, a nan ake gudanar da aiki, amma ba a yi masa kwafin ajiya kuma wurare da yawa suna share fayil ɗin da ya daɗe ba a taɓa ba, wasu bayan kwana 30 wasu 90, duba nasu ka sa a kalanda. Duk sakamakon da zai shiga tesis ka kwaso shi zuwa hadis ɗinka da wani wuri na biyu tun akawun yana raye, tare da fayilolin shigarwa da sikirif ɗin da lambar sigar manhajar, don ranar difens ana iya tambayarka wane pseudopotential ka yi amfani da shi. In za ka buga takarda kuma kowace cibiya tana da jimlar godiya da take so a saka da lambar furojet, kwafe ta yadda take, ka tura wa mai furojet ɗin takardar in ta fito, da ita yake cike rahoton da zai sa a sabunta masa awowin zango na gaba.